Tsagar Likita

Da minshari abin ya fara. A lokacin ban daɗe a gidan miji ba, sai na ɗauka haka Allah ya yi mazan Kano, na kuwa faɗa masa. Na ce da na san da jirgin ƙasa za a haɗa ni ɗaki, da na ce a kai ni tasha kawai kowa ya huta. Ya ce Zagezagi ba za su gane barcin mai sana'a ba, tunda ba sa aikin da zai gajiyar da su. Haka muke da shi tun ranar da aka kai ni. Shi Bakano ne, daga wani ƙauye can cikin ƙasar Kano, ni kuwa Bazazzagiya gaba da baya, gidanmu na Gyallesu. Tsokana a tsakaninmu ta fi gaisuwa yawa.

Tela ne. Ya kafa kekensa a zauren gidan da muke zaune a Tudun Wada, a shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai amma Turawa ba su tattara kayansu ba tukuna. Dogo ne, kyakkyawa, kuma ya san da haka, wanda shi ne babban aibinsa. Akwai wani dogon madubi a zauren, wai don masu gwada riga, amma ni na san wanda ya fi kowa tsayawa a gabansa. Fuskarsa sumul take, ko ɗigon tsaga babu, a unguwar da kusan kowa ke yawo da sunan garinsu a kumatu.

Bayan minshari sai hancinsa na hagu ya toshe. Mura ba mura ba, damina ta wuce bai buɗe ba. Sai haɓo ya biyo baya. Wata rana jinin ya ɗiga a kan farin yadin wani akawu, maigidan nawa ya yi ta dabara har ya mayar da wurin cikin aljihu. Aka yi shaƙe-shaƙe, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Wanzamin unguwa ya zo ya kafa masa ƙaho a ƙeya, ya leƙa maƙogwaro ya ce beli ne ya yi tsawo, ya yanke. Beli ya tafi, ciwo ya zauna. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne idonsa na hagu da ya fara turowa waje a hankali, har ta kai in zai sa zare a allura sai ya shigo cikin gida ya miƙo mini, yana kame-kamen wai zauren ba haske.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani malamin asibiti, Kirista, ɗan asalin gidajen cocin nan na Zariya. Matarsa ƙawata ce, ta kan katanga muke miƙa wa juna wuta da gishiri da labarin unguwa. Malamin asibitin ne ya kai wandonsa ɗinki, ya tsaya ya ƙare wa idon nan kallo, ya ce ba zai karɓi wandon ba sai mai ɗinkin ya bi shi wurin likita. Ya sha fama kafin maigidana ya yarda. A ƙarshe dai suka tafi da hantsi, maigidana ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Da azahar ya dawo shi kaɗai, yana ta mita wai mutanen Tudun Wada ba su da kunya, tun daga bakin titi suke kallonsa kamar yau suka fara ganinsa. Na ɗaga kai na dube shi, na gane dalili. Wani layi ne na tawada shuɗi, ya taso daga kusurwar idonsa na hagu, ya bi gefen karan hanci, ya zagaya gindin hancin ya sauka a leɓe. Ashe likitan, wani Bature, da yake bayyana wa malamin asibiti inda za a yanka, a fuskar majinyacin ya zana. Shi kuwa ya ɗauka shafa shi ake yi don a ji inda ke ciwo. Na ce masa, Malam, ka ɗan leƙa madubinka. Ya fita zaure. Sai na ji salati.

Bayanin ciwon daga bakin malamin asibiti na ji shi, da yamma, ina tsaye a kan turmi ta wannan gefen katanga, shi da matarsa suna ta can. Ya ce an ɗauki hoton kan, an ga tsiro ne ya fito can bayan hanci, a ƙarƙashin ƙoƙon kai, daidai daɓen da ƙwaƙwalwa take zaune a kai. Ya ce ba irin mai yaɗuwa a jiki ba ne, amma girma yake yi, duk abin da ya tarar sai ya ture. Ya ture ido ɗaya, zai kai ga ɗayan, kuma wata rana haɓon zai zo ya ƙi tsayawa. Na tambaye shi me ya hana a zaro shi ta hanci, tunda a bayan hanci yake. Ya ce ƙofar ta yi ƙanƙanta, in jini ya ɓalle likita ba zai ga inda zai tare ba. Ta goshi kuma sai an buɗe ƙoƙon kai an ɗaga ƙwaƙwalwa, wannan ba a ma kawo shi cikin lissafi ba. Hanyar da ta rage ita ce wadda aka zana: a tsaga gefen hanci, a buɗe fuskar kamar ƙyaure, a ciro abin, a mayar a ɗinke. Kuma ba a nan za a yi ba, sai an sa shi a jirgin ƙasa zuwa wani babban asibiti a Kudu. Ya ce in an yi da wuri, da yardar Allah zai tashi. In an bari, bai ƙarasa ba, matarsa ce ta kawar da kai.

Ni a ganina magana ta ƙare, sai haɗa kaya. Ashe ba ta ma fara ba.

Maigidana ya wanke tawadar da sabulu har fatar ta yi ja, ya zauna ya ce ba inda za shi. Ya ce a ƙauyensu gidaje iri biyu ne. Akwai nasu, waɗanda tun kakannin kakanni aska ba ta taɓa fuskarsu ba. Akwai kuma waɗanda kakanninsa suka sayo kakanninsu, su ake yi wa bille a gefen hanci don a san su. An daɗe da hana bauta, kowa yana noma gonarsa, amma har lokacin ba a ba su aure, ba sa limanci, kuma a wurin taro a bakin tabarma suke zama. Ya ce wannan layin da Bature ya zana, in ya warke ya zama tabo, shi ke nan ya koma ɗan wancan gidan. Na ce to ka faɗa musu likita ne ya yi maka mana. Ya ce fuska ake fara gani kafin a ji bayani, kuma shi gara ya shiga kabari da fuskar ubansa.

Kafin kwana biyu maganar ta zama ta unguwa. Zauren ya cika da masu ba da shawara, ni kuwa ina soron ciki ina tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa. Tudun Wada ce, kowane gari da wakilinsa. Aka sa maigidana ya sake nuna layin da yatsa, aka shiga tantance ko tsagar su wa ce. Bagobiri ya ce su nasu ba ya zuwa shi kaɗai, wannan sai dai Yarabawa. Bayarabe mai sayar da kwanuka ya ce Allah ya kiyaye, nasu a kwance yake. Bafillace ya ɗora wa Barebari, Babarbare ya mayar masa da kayansa har da ƙari a kai. Aka kira wanzami ya raba gardama. Ya duba, ya karkata kai, ya ce bille ne, sai dai wanda ya zana shi bai yi koyo a hannun ƙwarai ba, don ya kauce hanya a ƙasa. Aka yi ta dariya, aka sha shayi, aka watse. A cikinsu duka babu wanda ya tuna ya ce mutumin nan mutuwa fa zai yi.

Sai kuma ga Gwaggo. Ƙanwar ubansa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsa. Labari ya kai mata, ta ɗauro ƙunshinta ta hau mota ta zo. Gajeriyar tsohuwa ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta ce a'a, ko tukunya ce a kan wuta sai ta daina tafasa. Ta ce ciwo da magani duk na Allah ne, amma fuskar ɗan'uwanta amana ce a hannunta, ba za a ɓata ta tana raye ba. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakina na biyu, ta ce ta zo jinya.

Ba abin da ban gwada ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi kwana biyu ban kula shi ba, shi kuwa ya ce ya samu hutu. Na ce ya tsayar da gemu ya rufe tabon, ya ce a Zazzau ne gemu ke fitowa a karan hanci? Ƙawata ta kawo shawarar ya riƙa naɗa rawani yana ja amawali har ƙarƙashin ido. Na kai masa, ya ce bai taɓa ganin tela da amawali ba, kuma ba da shi za a fara ba. Na ce ai bai taɓa ganin tela makaho ba ma. Wannan ta shige shi, amma bai motsa ba.

Ranar da raina ya gama ɓaci, da hantsi ne. Na ji keken ya yi shiru, sannan na ji faɗuwar abu. Na manta da mayafi na fita zaure. Yana kife a kan keken, jini ya jiƙa gaban rigarsa yana bin ƙafar keken zuwa ƙasa. Muka kama shi ni da Gwaggo muka shigar da shi ciki, na tara masa kwano, ina kallo kwanon nan yana cika. Da ƙyar malamin asibiti ya zo ya cusa masa auduga jinin ya tsaya. Da ya farfaɗo ina zaune a hagunsa ina masa fifita, sai na ji ya tambayi Gwaggo ina na tafi. Idon ya mutu ke nan. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ina son mutumin nan, ba na ɓoyewa. Amma abin da ya fi yawa a cikina a ranar haushi ne. Mutum yana zubar da jininsa a kwanon miyata saboda inda zai zauna a tabarmar wani ƙauye da ko sunansa mutanen Zariya ba su sani ba.

Da ya ɗan ji ƙarfi na nemi izinin zuwa Gyallesu gaida Innata. Ya ce in je, Gwaggo ta ce ai dama jinya sai dangi.

Na san ranar da na zaɓa, Inna tana gidan suna a cikin birni, ƙanwata kaɗai ce a gida. Na aika aka kira mini tsohon wanzamin gidanmu, wanda shi ya yi mini askin suna. Kafin ya iso na ɗauki madubin Inna da tozali, na ja layin nan a fuskata, daga kusurwar idon hagu, gefen hanci, har leɓe. Ban yi kuskure ko kaɗan ba, don layin ya zauna mini a ka. Da tsohon ya zo ya ajiye zabirarsa, na ce masa ciwon kai ke damuna, an ce in yi tsaga a nan. Ya dube ni, ya dubi layin. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin ciwon kan da ake nema a gefen hanci ba. Na ce sabon magani ne, daga wurin likita ya fito. Sai ya yi tambayar da na san zai yi.

"Maigidanki ya san da wannan?"

"Baba, shi aka fara zana wa."

Kuma ban yi ƙarya ba. Ya wasa askarsa a tafin hannu, ya ce in ɗora kai a cinyar ƙanwata in rufe ido. Duk wanda ya ce muku tsaga ba zafi, yana jariri aka yi masa. Na ji askar nan har cikin haƙorana. Na damƙe zanen yarinyar nan har ya yage, amma ban yi ƙara ba, kada tsohon ya tsaya a rabi in tashi da abin da ba na kowa ba. Da ya gama ya kankaro baƙin tukunya zai shafa kaɗan, na ce ya cika, ina so a hango daga nesa. Ya ce ikon Allah, 'yan matan yanzu.

Inna ta dawo ta same ni da fuska a kumbure. Ta saki kwanon tuwon suna a ƙasa. Da ta gama jin bayani ta nemi inda za ta mare ni, ta ga hagu ba dama, ta sauke a dama. Daga nan ta zauna ta yi kuka, ta dafa ruwan zafi ta gasa mini, tana gasawa tana zagina da zagin Kanawa gaba ɗaya.

Na koma Tudun Wada da la'asar, na ja mayafi har hanci. Na shiga madafi na yi tuwo kamar kullum, na kai masa. Yana jingine da bango, Gwaggo tana gefe tana jan carbi. Na durƙusa ta damansa inda zai gan ni da kyau, na ajiye kwano, na sauke mayafin.

Carbin Gwaggo ne ya fara tsayawa. Shi kuwa ya daɗe yana kallona da ido ɗayan nan, bakinsa a buɗe, dama ta nan yake numfashi.

Na ce, "Malam, abin da kake gudu ya riga ya shigo gidanka. Ko ka je ko kada ka je, ni da wannan fuskar zan zauna. In ka mutu, da ita zan yi maka takaba, duk mutanen ƙauyenku su zo gaisuwa su same ni a tsakar ɗaki, kuma ba zan rufe ba."

Ya ce, "Ke kin haukace."

Na ce, "Eh. Ci tuwonka kada ya huce."

Bai ci ba. Gwaggo ta yi magana a ranar fiye da duk wadda ta yi tun zuwanta, har da cewa dama an gaya musu kada su ɗauko mata a Zazzau. Washegari da safe na ji yana kiran malamin asibiti ta kan katanga, yana tambaya wace rana jirgin Kudu ke tashi.

Malamin asibiti ne ya ɗauki hutu ya raka shi. Ba a bar ni na je tasha ba. A zaure muka yi sallama, ya lulluɓe kekensa da tsohon zane, ya ce kada in bari yara su taɓa. Ya ɗaga hannu kamar zai taɓa mini ciwon, ya ga Gwaggo, ya mayar da hannun ya gyara hula.

Zaman jiran nan ba na fatan ko maƙiyina ya yi irinsa. Malamin asibiti ya dawo bayan 'yan kwanaki saboda aikinsa, ya ce an karɓe shi, amma sai an ƙara masa jini ya yi ƙwari kafin a taɓa shi. Daga nan labari ya yanke. Gwaggo ta ƙi tafiya, ta kuma daina cin abincina. Ta kafa murhunta daban a gindin katanga, wai ba ta saba cin girkin masu irin wannan fuska ba. Kullum in na wuce sai ta gaya wa tukunyarta cewa in yaron nan ya dawo, shi dai lalura ce ta same shi, mutane za su yi masa uzuri, amma wadda ta kai kanta da ƙafarta sai ta koma inda ta fito. Ni kuwa in na zo wucewa sai in juya mata hagun, in gaishe ta da ladabi, in tambaye ta ko ta kwana lafiya.

Ciwon ya warke, ya bar layi baƙi ƙirin, yadda na nema. Matan unguwa suka riƙa zuwa aron abin da suke da shi a gida don su gani. Wata rana wata mai tallan manja, ban san daga wace ƙasa ta fito ba, ta shigo ta gan ni ta ajiye tallan, ta rungume ni tana yi mini wani yare tana hawaye. Na rasa yadda zan yi, na ba ta ruwa, na yi ta gyaɗa kai. Har ta bar Tudun Wada tana kawo mini manja kyauta, ban taɓa sanin 'yar wa ta ɗauke ni ba.

A gaban mutane ina dariya, ina cewa ko ba komai na huta da minshari. Amma in na shiga zaure shara na ga keken nan a lulluɓe, sai in ajiye tsintsiyar in koma ciki. Ni na tura shi. In ya mutu a ƙarƙashin wuƙar mutanen da ba su san ko sunan ubansa ba, a garin da ba mai yi masa salla cikin danginsa, ni ce sila, kuma Gwaggo ba za ta bari in manta ba, ni ma ba zan bar kaina ba. Ƙawata takan leƙo ta ce sun sa shi a addu'a a coci. In ce mata ta ci gaba, ni ma ina yi ta nan, duk wadda ta riga isa.

Can sai wani ɗan reluwe da ke bin jirgin Kudu ya aiko matarsa ta ce ya leƙa asibitin, an yi aiki, ya ga maigidana zaune a baranda yana shan rana. Na zube a wurin na yi sujada. Da na ɗago na ce, fuskar fa, yaya ta yi? Ta ce ta tambaye shi, ya ce bai lura ba. Na ce namiji ke nan, a tsaga mutum daga ido har leɓe ya ce bai lura ba.

Ranar da ya dawo ba wanda ya san zai zo. Da yamma ne, ina tankaɗe, Gwaggo tana gindin murhunta. Muka ji sallama daga zaure da wata murya kamar ta mai mura, ban gane ta ba, har na ce maigidan ba ya nan. Sai ga shi ya shigo da akwatinsa a hannu. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, amma a kan ƙafafunsa yake, bakinsa a rufe, yana numfashi ta hanci kamar kowa.

Na tashi da rariya a hannu. Na dubi hagun fuskarsa. Na ce ko na manta gefen ne, na dubi dama. Na matsa kusa, kunya ta bar ni, na kama haɓarsa na juya shi wajen haske. Babu komai. Fuskar nan sumul, kamar ranar da aka kai ni gidansa. Idon hagun ya koma mazauninsa, ko da yake ba ya gani da shi, kuma bai ƙara gani da shi ba. Amma tabo ko na ƙuruciya babu.

Na ce, "Ina tsagar?"

Ya buɗe baki ya nuna mini sama da yatsa. A rufin bakinsa, can a ganɗa, ga ɗinki nan ya zagaya. Ya ce likitan can da ya duba hoton ya ce ba sai an taɓa fuska ba, shi ta baki yake shiga. Ya tsaga rufin bakin, ya ɗaga shi, sai ga tsiron a sama daidai hannu, ya ciro, ya mayar ya ɗinke. Ya ce ya duba ɗinkin a madubi, ba laifi, ko da yake shi da ya fi haka matse shi.

Ban san lokacin da rariyar ta faɗi ba. Daɗi ya kama ni har ina jin jiri, ga mijina a raye. A lokaci guda kuma in da Baturen da ya yi zanen nan yana kusa, da sai an raba mu. Na tsaya a tsakar gida da baƙin layi daga ido har leɓe, ni kaɗai a duk Tudun Wada, na rasa dariya zan yi ko ihu. Ta kan katanga na ji ƙawata ta fara dariya, ta toshe baki, abin ya fi ƙarfinta ta ruga ɗaki.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa, tsohuwar da ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu tana kiran sunan ɗan'uwanta, tana cewa amana ta dawo yadda aka ba ta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta zaunar da shi. Maƙwabta suka fara shigowa barka, mata suka cika tsakar gida, har da malamin asibiti a bakin soro. Sai da ta ga mutane sun taru sannan ta gyara zama. Ta ce Alhamdu lillahi, Allah ya tsare gidansu daga abin kunya, saura abu ɗaya. Ta nuno ni da leɓe. Ta ce ba za a kai wannan fuskar ƙauye a ce matar ɗansu ce ba, gara a rabu tun ba 'ya'ya.

Ni dai na sunkuya ina kwashe garin da ya zube. A raina na ce, mutumin da ya ce gara ya mutu saboda fuskar nan, ga shi an dawo masa da ita lafiya, me zai hana ya bi maganar wadda ta raine shi?

Magana tana yi masa wuya a lokacin, sai ya haɗiye yawu, kalmomin suna fita ta hanci. Amma kowa ya ji.

"Gwaggo, tsagar nan tawa ce. Ni aka zana wa. Na ce muku asali nake karewa, wuƙar nake tsoro. Ita ta je ta karɓar mini." Ya tsaya ya huta. "In an tambaye ki a ƙauye ta wane gida ce, ki ce ta gidana ce."

Gwaggo ta dube shi, ta koma gindin murhunta. Shi kuwa ya juyo da idonsa mai gani wajena, ya ce likita ya hana shi tuwo sai ɗinkin ya kama, ko akwai mai dama masa kunu a gidan nan, ko kuwa Zagezagi sun manta yadda ake yi.

Na shiga madafi na dama. Kunun ya yi gudaji, ya karɓa ya shanye haka nan.